Riƙon Ƙwarya a Kujerar Okabe

Michiru Hasebe tana matse tawul a bakin famfo ta ji wayar tsoho Okabe ta sake ɗaukar kuka. Ba ta ko juya ba, don tun safe wayar nan take damun mutane, shi kuma yana danne ta a aljihu. Wannan karon sai ya ciro ta, ya nesanta ta da idonsa ya karanta sunan, ya yi tsaki. Ɗansa ne daga Chiba, kuma a gidan majan na Tokunaga, inda ake buga wasan ƙwayoyi na mutum huɗu, ba a amsa waya a kan tebur.

"Hasebe-san," in ji shi, "zo ki riƙe min kujerar nan. Yanzun nan zan dawo."

Ya kifa ƙwayoyinsa, ya miƙe da ƙyar, ya ja ƙafa zuwa ƙofar bene yana ta amsa wayar tun kafin ya danna ta.

Michiru ta goge hannu ta nufi teburin, ranta a jagule. A duk ayyukan gidan nan, daga dafa shayin sha'ir har wanke bayi, babu wanda ta tsana kamar riƙon ƙwarya. Gidan na tsofaffi ne, masu zuwa da rana su motsa ƙwaƙwalwa. Ba a shan taba, ba a shan giya, ba a sa ko yen ɗaya a wasa. Amma tsoho da mafitsara sai a hankali, shi ya sa a kowane lokaci akwai mai tashi, wasan mutum huɗu kuwa ba ya tsayawa don mutum ɗaya. Sai ma'aikaci ya zauna a madadinsa. Dokar maigidan, Tokunaga, a kan wannan gajeriya ce: kujerar ba taka ba ce, makin ba naka ba ne. In wani ya yi shelar ƙwaya ɗaya yake jira ya ci, to ka sauka daga wasan, ka riƙa jefa abin da ka tabbata ba zai ci da shi ba, ko da hakan zai wargaza duk abin da mai kujerar ya gina. Wanda ya jefa wa mai jira ƙwayarsa shi kaɗai ke biyan makin, Tokunaga kuwa ba ya son a ce ma'aikacinsa ne ya jawo wa baƙo asara.

Ita kuma Michiru ba a haife ta don sauka ba. Wurin ubanta ta koyi majan, mutumin da bai san ja da baya ba ko a tebur ko a gida, kuma jininsa ne a yatsunta. Watan jiya ta riƙe wa wata dattijuwa kujera, ta ga ƙwayoyin sun haɗa hannu mai kyau, ta kasa haƙura, ta ƙi sauka, aka cinye ta. Dattijuwar ta dawo ta tarar rabin makinta ya tafi. Ta yi murmushi ta yi godiya, kuma tun daga ranar ba a sake ganin ƙeyarta ba, ita da ƙawayenta duka. Haka mutanen garin nan namu suke faɗa, da murmushi da ƙafa. Tokunaga ya kira Michiru ɗakin shayi ya yi mata magana a hankali, irin wadda ta fi zagi ciwo, ya ce in aka kuma, ba sai ta jira ya ce ta tafi ba. Ta haura hamsin. Tun da aka rufe kantin tufafin da take yi wa aiki ta zaga Morioka kaf, ta gane ba mai neman mace mai shekarunta sai nan, inda ake tashi da wuri ta samu ta koma ta yi wa mahaifiyarta wanka.

Ta zauna, ta rusuna wa sauran ukun, ta ɗaga ƙwayoyin. Okabe ya barbaza su da gangan, wasu ma ƙafa a sama, don kada mai wucewa ya gane. Sai da ta sake bin su da ido, sannan ta gane abin da yake haɗawa.

Ƙwayoyin kusurwa: Gabas, Kudu, Yamma. Farar ƙwaya, koriya, ja. Ɗaya da tara na kowane gida uku, gora da lamba da zobe. Ga kuma wata Yamma ta biyu a can gefe. Arewa kaɗai ta rage.

Kokushi ke nan, hannun da ake haɗawa da tarkacen da kowa ke fara zubarwa, iri goma sha uku, ɗaya daga ciki sau biyu, wanda mutum kan yi wasa har ya mutu bai gan shi ba. Duk wanda ya ci da irinsa a gidan nan, ana rubuta sunansa a ɗan allon katako a rataye a bango, kuma sunan mai kujera ake rubutawa ko da wani ne ya riƙe masa. Okabe tsohon direban jirgin ƙasa ne, ya fara majan tun yana saurayi a ɗakin kwanan ma'aikata, kuma bai taɓa yin kokushi ba. Ba abin da bai yi ba. Sai a raba masa hannu lafiyayye ya watsar da shi don ya ga kusurwa biyu da tara ɗaya. Uwargida Shiraishi, wadda ke zaune daura da shi yanzu, ita ta raɗa masa suna Sarkin Bola, har sunan ya bi shi asibiti. Yau kuma ita ce ranarsa ta ƙarshe. Da safe ya shigo da akwatin biskit mai riɗi ya bi teburi-teburi yana rabawa yana ban haƙuri, ya ce ranar Lahadi ɗansa zai zo ya kwashe shi zuwa Chiba, wai tsoho ba zai sake yin hunturu shi kaɗai ba.

Michiru ta dubi ƙofar bene. Tana jiyo muryarsa yana cewa bai ji ba, a maimaita.

Nonomura, tsohon malamin makaranta da ke hannun damanta, ya jefa tasa. Shiraishi ta ɗauka, ta yi ɗan tunani, ta gicciye ƙwaya a gabanta, ta ɗora siririyar sandar maki a tsakiyar tebur.

"Rici," ta ce, cikin muryar nan tata ta mai sayar da furanni. "Ku yi haƙuri da ni fa."

Shelar ke nan. Ƙwaya ɗaya take jira, ba wanda ya san wacce. Michiru ta ji kamar ta kifa teburin. Hannun da ke gabanta shi ne hannun da ya fi kowanne daɗin sauka, cike yake da abubuwan da ba mai so, za ta iya jefa su ɗaya bayan ɗaya har wasa ya ƙare ba abin da ya taɓa ta. Amma kowacce ta jefa, ta cire wa Okabe haƙori. In kuwa tana son hannun ya kai ga mai shi yadda ya bar shi, to duk abin da ta ɗauko sai ta jefar, ko wuta ce.

Da juyi ya zo kanta ta ɗauko bakwai ta gora. Ta duba layin ƙwayoyin da Shiraishi ta zubar a gabanta, ta ga bakwai ta gora kwance a ciki. Mutum ba ya ci da abin da shi da kansa ya yar, wannan doka ce. Ta jefa, ta sauke numfashi.

Zagaye na gaba ta ɗauko biyu ta lamba. Babu ita a zubin Shiraishi, amma akwai biyar ɗin gidan, kuma wanda ya yar da biyar bai cika jiran biyu ba. Bai cika ba, ba a ce ba ya yi ba. Shiraishi ta sha kafa wa mutane tarko da wannan lissafin, tana yi tana ba su alewa. Michiru ta jefa. Ba wanda ya tanka. Sai dai a bayanta wani ya yi gyaran murya, ta kuma ji ƙamshin shayin sha'ir. Tokunaga ne da butarsa. Ya tsaya inda yake ganin hannun sarai, ya kuma ga ta bar ƙwayoyi masu aminci ta jefa mai shakka.

A waje Okabe yana cewa a'a, ba haka ya ce ba, a ba shi matar ɗan nasa su yi magana.

Juyi ya sake zagayowa. Michiru ta miƙa hannu ta ɗauko, ta buɗe, ta ga ja. Jar biyar ta zobe. A duk akwatin babu wadda ta kai ta haɗari, ƙwayar tsakiya ce da ke shiga kowane haɗi, ga kuma ƙarin maki a kanta don jan launinta. Ta bi zubin Shiraishi da ido daga farko har ƙarshe. Babu zobe ko ɗaya, ko na rantsuwa. Mace ta yi wasa tun daga rabo ba ta yar da zobe ba, ai ba sai an tambayi inda zobban suke ba. A layi na farko kuwa ga Yamma kwance, Shiraishi ta yar da ita tun da wuri. Michiru tana da Yamma biyu.

Ta riƙe biyar ɗin. Ta gyara zama. Ta tambayi Nonomura ko iskar na'ura ta yi masa yawa, ya ce a'a. Ta daidaita ƙwayoyin da ba su karkace ba. A majan jan lokaci rashin kunya ne, ta sani, amma kunnenta na kan ƙofa.

"Ke 'yar nan," in ji Shiraishi, "ƙwayar ta yi miki nauyi ne? A kira maza su taya ki?"

"Yi haƙuri, Shiraishi-san."

"Ai hannun Sarkin Bola ba abin tunani a cikinsa. Rufe ido ki jefa kowacce, duk shara ce."

Nonomura ya yi dariya. Tokunaga ya sunkuyo ya ƙara shayi a kofin Okabe, wanda ko kurɓa ba a yi ba, ya yi magana can ƙasa-ƙasa yadda ita kaɗai za ta ji.

"Hasebe-san, kujerar ba taki ba ce."

Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Tokunaga ba mugu ba ne, shi ma yana son tsohon, shi ne ma ya yanko masa allon katako ya ajiye tun bara yana cewa wata rana. Amma in ta jefa biyar ɗin Shiraishi ta ce ta ci, hannun ya mutu duk da haka, makin Okabe ya tafi, aikinta ya bi bayansu, gobe da safe sai ta zauna ta kalli mahaifiyarta ta gaya mata an kore ta. In ta jefa Yamma ɗaya kuwa hannun bai mutu ba, taki ɗaya kawai ya ja baya. Ta jera wa kanta waɗannan dalilai tsaf, kowanne da ƙafarsa, kuma duk da haka ta ji tana jin kunyar kanta. Yatsunta sun riga sun san abin da suke so, sun ɗaga biyar ɗin har ta kusa barin layi.

Ta mayar da ita. Ta zaro Yamma ta ajiye a tebur a hankali.

Butar shayi ta matsa zuwa wani teburi.

Nonomura ya jefa abin da ba zai cuce shi ba. Shiraishi ta ɗauka ta yar. Ta huɗun, wata mata da ba ta cika magana ba, ita ma ta bi sahu. Michiru ta miƙa hannu. Tun tana yarinya ubanta ya koya mata karanta ƙwaya da babban yatsa, kuma yau ta yi da-na-sanin koyo, don tun kafin ta juya ta, yatsan ya riga ya gaya mata. Ta juya dai. Arewa.

Da ta jefa biyar ɗin ta wuce, da yanzu ta buɗe hannun nan a tebur, da gidan ya ɗauki tafi har a jiyo a titi. Maimakon haka ga ta da duk iri goma sha ukun a jere, babu mai biyu a cikinsu, ga jar biyar zaune a ƙarshe tana kallonta.

A daidai nan ƙofar bene ta buɗe.

Okabe ya shigo yana cusa wayar a aljihu. Nonomura ya tambaye shi ko lafiya.

"Silifas," in ji Okabe. "Wai silifas za su saya min na yawo a cikin gida, suna tambayar lambar ƙafata. Na faɗa, suka ce ai ƙafar tsoho kumbura take yi, in cire takalmi in duba."

Aka yi dariya. Michiru ta miƙe ta ja masa kujera, ta rusuna fiye da yadda aka saba, ta ce juyinsa ne, ta ɗauka ba ta jefa ba tukuna. Ya zauna ya gyara tabarau. Ya daɗe yana kallon hannun. Ya ga Arewa. Ya ga jar biyar. Sannan ya ɗaga ido ya dubi layin zubin da ke gabansa, ya tsaya a kan ta ƙarshe, Yamma. Tsohon ɗan wasa ne, ba ya bukatar a ba shi labari. Michiru tana tsaye a bayansa tana kallon ƙeyarsa, tana fata ya juyo ya zage ta.

Bai juyo ba. Ya sa yatsu biyu ya ɗauki jar biyar ya ajiye a tsakiyar tebur, ko dubin Shiraishi bai yi ba.

Nonomura ya ja numfashi ta haƙora. Shiraishi ta leƙa ƙwayar ta saman tabarau, ta taɓe baki.

"Kai dai tsohon nan ba ka tsoron mutuwa," ta ce. "Wuce, ba ita ba ce."

Michiru ta dafa bayan kujera. Yanzu hannun ya dawo da rai, kowace daga cikin irin nan goma sha uku ta zo masa ya ci, sai dai tilas ya ɗauko ta da hannunsa, tunda akwai Yamma a zubinsa. Juyi ɗaya kawai yake bukata ya zagayo. Nonomura ya jefa. Shiraishi ta miƙa hannu ta ɗauka, fuskarta ta washe, ta ce ta ci, ta kwantar da ƙwayoyinta. Ɗan ƙaramin hannu ne, irin wanda ba a ko ba da labarinsa. Zobban nata sun riga sun haɗu tun tuni, uku ta gora take jira.

Kowa ya miƙa mata 'yan sandunan makinta. Okabe ya kifa ƙwayoyinsa, ya tura su cikin ramin tebur tun kafin wani ya leƙa, injin gauraya ƙwayoyi ya haɗiye su yana ƙugi. Wanda bai ci ba ba ya baje hannunsa yana neman a tausaya masa, haka tarbiyyar wasan take.

"Me kake haɗawa ne har da jefa jar biyar?" in ji Nonomura.

"Tarkace," in ji Okabe. "Kamar kullum."

Michiru ta koma bakin famfo ta ci gaba da matse tawul ɗin da ta riga ta matse. Can Tokunaga ya shigo ya ajiye buta, ya tsaya yana sosa wuya. Ya ce ya san abin da wuya, amma abin da ta yi shi ne aikin, kuma yau ya yarda zai iya barin mata gidan ya fita hankalinsa kwance. Ya ce wata mai zuwa har Asabar zai ƙara mata, in tana so. Ta rusuna ta yi godiya, ta ce za ta ƙara ƙoƙari. A ranta kuwa ji take kamar ta ɗauki butar ta wurga ta taga.

Okabe bai jira an tashi ba, ya ce zai kama motar da ke bi ta unguwarsu kafin ruwa ya yi ƙarfi. Ya bi teburin kowa ya yi sallama. Shiraishi ta cusa masa alewa a aljihu ta ce in ya je Chiba ya bar musu bolarsu, sannan ta juya tana neman wani abu a jakarta da ba ta samu ba. Michiru ta ɗauko masa lema ta raka shi ƙasa, yana dafa bango tana biye da shi. A bakin ƙofa, inda yayyafi ke bugun rumfar wani shago da aka rufe, ta sunkuyar da kai ta fara ba shi haƙuri. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ita. Ya ce duk rayuwarsa jirgi ya tuƙa, in fitila ta nuna ja tsayawa yake yi ko da ya ga hanya fetal, don haka ba zai ga laifin mai bin doka ba.

Ya karɓi lemar yana kokawa da maɓallinta.

"Amma in tambaye ki mana. Da kujerar taki ce, da kin jefa ta?"

Ta so ta yi masa ƙarya, ta kasa.

"Da ko dubawa ba zan yi ba."

Ya gyaɗa kai, kamar wanda aka gaya wa lokacin jirgi ya ga daidai yake da agogonsa.

"Na sani," ya ce. "Maigidanki yana tsaye a gefena da buta lokacin da wayar ta yi ƙara. Shi ya sa na ƙetare shi na kira ki."

Lemar ta buɗe. Ya rusuna mata, ya ce ta gaida mahaifiyarta, ya shiga cikin ruwan yana jan ƙafa zuwa tashar mota. Michiru ta tsaya a sunkuye yadda ake yi wa baƙo har ya sha kwana, kuma ya daɗe da shan kwanar ba ta ɗago ba.